Ƙyauren Maɗaci

Akwai wani magidanci a wani ƙauye bayan kogi, tun zamanin da babu mota, tafiya sai a ƙafa. Ina kewar zamanin nan, duk da wahalarsa. Mutumin ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne, ƙyauren ɗakinsa. Mahaifinsa ne ya sassaƙa shi da itacen maɗaci kafin ya rasu, har sawun gizagonsa yana nan a jiki. Kowane rani sai ya shafe shi da man kaɗanya. Matarsa takan tsokane shi, wai ƙyauren ya fi ta shan mai.

Wata rana da damina, maciji ya sari wata gwauruwa maƙwabciyarsu a gona. Asibiti yana hayin kogi, ita kuwa ko tsayuwa ba ta iyawa. A lokacin, a kan ƙyaure ake ɗaukar marar lafiya, amma na sauran gidajen duk na kara ne. Sai wani dattijon ikkilisiya ya zo gidan mutumin ya yi sallama.

"Maigida, ƙyaurenka muke roƙo."

Mutumin ya san kogi ya kawo. Ya shafa sawun gizagon nan, sa'an nan ya ce, "Baba, ku kama can in kama nan. Ni zan shiga gaba."

A tsakiyar kogi ruwa ya kai musu ƙirji, ya fizgi ƙyauren. Ko dai magidancin ya riƙe gwauruwar, ko ya riƙe gadon mahaifinsa. Ya rungumi matar, yana kallo ruwa ya tafi da maɗacin.

Matar ta rayu. Shi kuwa ya dawo gida ya rataya asabari a ƙofa, ya zauna ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kiran Allah yakan zo da muryar maƙwabci mai sallama, kuma ba abin da muka gaji da shi yake nema ba, abin da muke shafa wa mai ne: gida, aiki, lafiya, wani lokaci har rai. Ubangiji Yesu ma bai hana mu komai nasa ba. Ba zan ruɗe ku in ce za a mayar muku a duniyar nan ba. Ƙyauren bai dawo ba. Amma shekara goma sha tara, kowace safiya, gwauruwar nan takan ɗaga asabarin ta ce, "Maigida, an tashi lafiya?"