Tsohon Kibod na Malam Tukur

Ku ajiye wayoyinku tukuna ku saurara, domin a ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

A Funtuwa an yi wani Malam Tukur, mai ƙaramin ofis a saman shagon yadi, inda ake rubuta manhajar kwamfuta. Ɗalibai uku ne suka daɗe a hannunsa har suka zama abokan aikinsa: Nafi'u, Kubura da Jibo. Tare suka koya, amma kowa da editansa, wato shafin da ake buɗewa a rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi.

Editan Nafi'u baƙin allo ne, babu hoto, babu ado, ko linzamin kwamfuta ba a taɓawa, yatsu kawai. Na Kubura mai launuka ne, yana ja wa kuskure jan layi, yana ƙarasa mata kalma kafin ta gama, sai dai in ta kunna shi fankar kwamfutarta takan yi ta ruri kamar injin niƙa. Jibo kuwa farin shafin da ke zuwa da kowace kwamfuta ya riƙe, wanda ba ya gyara maka, ba ya tuna maka komai.

Malam bai taɓa faɗin wanda ya fi so ba. Abin da ya faɗa ɗaya ne. Yana da tsohon kibod, allon buga rubutu a kwamfuta, wanda haruffansa suka goge saboda aiki, ya ce ranar da zai huta zai miƙa shi ga ɗaya daga cikinsu. Wanda ya karɓa shi ne shugaba, editansa kuma za a riƙa koya wa sababbin ɗalibai.

Daga ranar zama ya canza. In Malam ya ɗan daɗe a bayan kujerar Kubura, sai ka ji Nafi'u yana dukan kibod ɗinsa kamar ya yi masa laifi. In ya ce wa Nafi'u madalla, ranar Jibo ba zai sa hannu a kwanon awarar da suka saba ci tare ba.

Kishin ya shiga har cikin aiki. Sun yi wa wani ƙaramin asibiti manhaja mai tura saƙon tes ga masu ba da jini idan buƙata ta taso. A irin wannan rubutu, giɓin da ake bari a farkon layi ba ado ba ne, shi ke gaya wa kwamfuta wane layi ne a ƙarƙashin wane. Kowane edita da yadda yake barin giɓin, ko da yake a ido duk ɗaya suke. To, duk wanda ya buɗe fayil ɗin manhajar a cikinsu sai ya sake jera layukan yadda nasa editan yake yi, don kada Malam ya duba ya ga hannun wani. Babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakar ruwan sama, gyambon cikin Malam ya fashe. Aka kai shi asibitin nan, likita ta ce sai an ƙara masa jini, irin jininsa kuma ba a cika samu ba. Ma'aikaciyar jinya ta danna manhaja. Ko saƙo ɗaya bai fita ba. Nan da nan aka sanar da ɗaliban Malam.

Manhajar tana zaune a wata babbar kwamfuta a Legas, ga sabis ya yi rauni saboda ruwa. Editan Kubura ya ƙi haɗuwa da ita, na Jibo dama bai san hanyar can ba. Baƙin allon Nafi'u ne kaɗai, saboda rashin nauyinsa, ya lallaɓa ta ɗan sabis ɗin da ya rage, ya ɗauko fayil ɗin. Amma Nafi'u ya karanta sama da ƙasa bai ga aibu ba.

Kubura ta karɓa ta buɗe a nata, ta sa ya bayyana giɓin da ido ba ya gani. Nan take sashen da ke tura saƙo ya yi jajur. Ta nuna musu wurin da yatsa, ta ce ya cakuɗe har ba a gane wane layi ke bin wane, gyara ba zai yiwu ba, sai dai sabon rubutu. Ba ta rufe baki ba batirin kwamfutarta ya mutu, ga ba wuta.

Jibo ya jawo kujera. Da yake editansa bai taɓa ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba, sashen nan yana kansa. Ya rubuta shi sabo daga farko har ƙarshe, aka mayar Legas ta hanyar da aka ɗauko shi. Saƙonni suka fita. Kafin azahar wata tela daga bakin kasuwa ta iso a jiƙe, ta miƙa hannu aka ɗibi jini. Malam ya rayu.

Da ya samu sauƙi ya kira su gida, ya sa aka ajiye kibod ɗin a kan tabarma, ya ce ƙarfinsa ya ƙare.

Nafi'u ya ce, "Allah gafarta Malam, da ban buɗe ƙofa ba, da har yanzu Hajiyar launuka tana jiran injin niƙanta ya tashi."

Kubura ta ce, "Ka buɗe ƙofa ka tsaya kana zare ido a duhu. Wa ya nuna maka ciwon?"

Jibo ya ce, "Kin nuna ciwo, sai kika suma. Malam, a tambaye su wa ya yi ɗinkin."

Malam ya tambaye su wa ya ɓata fayil ɗin tun farko. Duk suka sunkuyar da kai, kowa yana satar kallon kibod ta gefen ido, kada hannun wani ya riga nasa.

Hannu uku suka ɓata, hannu uku suka gyara, kibod kuma ɗaya ne. To, ku da kuka ji, wa Malam Tukur zai miƙa wa: wanda ya ɗauko, ko wadda ta gano, ko wanda ya sake rubutawa?