Makullin Sai-Na-Zo

An yi wani mutum mai kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti. A ɗakin akwai firji, a cikinsa ake ajiye allurar dafin maciji mai tsada. Shi ya sa aka yi wa firjin kejin ƙarfe da ƙaton kwaɗo, mutumin ya riƙe makullin shi kaɗai.

Ba ɓarawo ba ne. Bai taɓa sayar da kwalba ɗaya ba. Ciwonsa son a roƙe shi. In an kawo wanda maciji ya sara, sai an aika an nemo shi, ya taho yana taku ɗai-ɗai. Har aka sa masa suna Sai-Na-Zo.

Wata rana babbar nas ta ce masa, "Baba, ka bar mana makulli ɗaya mana. Dafi ba ya jiran ka gama shan shayi."

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, in kowa na da makulli, ni kuma aikin me zan yi?"

Daga ranar ma ya daina gaya wa kowa inda yake ɓoye shi.

Wata safiya yana shara a gonarsa gamsheƙa ta sare shi a ƙafa. Ƙaninsa ya ga ƙafar na kumbura, ya zare masa takalmin ya yar, ya ɗauko shi a babur. Kafin su iso asibiti idanunsa sun fara rufewa, harshensa ya yi nauyi.

Aka kwantar da shi taku uku daga firjin. Nas ta sunkuya tana tambaya, "Baba, ina makullin?" Yana motsa baki, magana ba ta fita. Aka laluba aljihunsa, aka zazzage durowa, babu. Aka kira mai walda. Kejin mai kauri ne, don Sai-Na-Zo da kansa ya zaɓi ƙarfen. Ana yanke sanda ta biyu numfashinsa ya tsaya.

Washegari ƙanin ya koma gona ɗauko fartanya. Ya ɗaga takalmin, makulli ya faɗo.

Ya 'yan uwa, wa ya kulle wa mutumin nan magani? Amana aka ba shi, ya mayar da ita sarauta. Kai da ke riƙe da makullin ofis, ko hatimi, ko wani sani da mutane ke buƙata, mutum nawa ka sa suka tsaya a ƙofarka don kawai ka ji kai wani ne?

Allah ya kiyaye mu da kulle ƙofar da wata rana mu ne za mu kwanta a bakinta. Amin.