Zangarniyar da Ta Faɗi Ƙasa

Masu ba da labari sun ce a wani ƙauyen Kirista da ke gindin dutse an yi wani dagaci, Haskiya. Wata shekara da kaka ya sa aka yi shela cewa bana ba kala: duk zangarniyar da ta faɗi a gona a tsince ta a kai coci ranar godiyar kaka, a sayar a yi rufin kwano. Matan da mazansu suka rasu, masu cin tuwo da kala, suka yi jugum.

Sai ga ƙanwar ubansa, Gwaggo Briskila, tana dogara sanda.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ji masu tsoron rawani. Ni da na share maka majina, zauna ka ji labarin Filimon."

Ya ce, "Ina ji, Gwaggo."

Ta ce, "Filimon dattijon coci ne, gonarsa ba a ganin ƙarshenta. Wata shekara ya ƙudura tarin dawarsa sai ya fi na kowa a gaban bagaden coci, ya hana kala. Wata gwauruwa ta zo da goyon namiji, tana riƙe da hannun 'yarta, ta durƙusa ta ce, 'Baba, ko ka san abin da ya sami mai lambu?' Ya ce, 'Faɗi ki tafi.'

"Ta ce, 'Wani mai lambu ne, in ya ja guga ruwa kan zube a bakin rijiya, tsuntsaye su sha. Abin ya tsone masa ido, ya binne kududdufin. Tsuntsaye suka ƙaura. Ashe su ke cinye masa tsutsa! Kafin wata ya kama, ko ganye bai tsira da shi ba. Baba, abin da ya zube daga hannunka rabon wani ne Ubangiji ya biyo da shi ta wurinka.'

"Filimon ya ce, 'Ji mata! Da Allah za ki yi rabo?' Ya kore ta. Ranar godiya tarinsa ya kai taga, aka yi ta guɗa. Da damina ta yi tsakiya, rumbuna suka yi ƙasa, yarinyar nan ta kumbura don yunwa. Tafasasshiyar rama kawai take sha, uwar kuma kunya ta hana ta roƙo. Ran wata Lahadi, muna cikin waƙa, ta cika. Wayyo! Ranar jana'iza Filimon ya aiko da buhun dawa. Uwar ta ce a mayar masa, mai cin ta riga ta ƙoshi da ƙasa. Ihu bayan hari!

"Mu matan zumuntar coci muka ce Yesun da muke bi bai taɓa roƙon rufin kwano ba, mayunwata ya ce a ciyar. Daga ranar, in muna girbi, da gangan muke sakin zangarniya, mu wuce ba waiwaye, don mai ɗauka kada ta ji kunya. Wanda ya tsince kala ya kai bagade, abincin maraya ya sata ya kai wa Uban marayu."

Haskiya ya ce, "To, goyon fa? Ya rayu?"

Ta ce, "Ya rayu mana. Kalan shekarar da ta biyo ne ya yaye shi. Uwarsa ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba sai ta kama dole, to yau ta kama. Ga shi nan gabana da rawani, yana hana kala. Sunan yayarka Damaris, tana kwance bayan coci, gindin tsamiya."

Dagaci ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarsa. Ya kira mai shela ya ce, "Koma ka ce na janye. A bar coci ta yi yoyo bana."

Sa'an nan ya miƙe ya ce, "Gwaggo, zo ki nuna mini wurin."