Sabon Inji da Birkin Ruwan Sabulu

A Sabon Garin Gusau, cikin shekarun 1970, an yi wani makanike mai suna Istifanus. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo iyayensa daga kudancin Zariya, shi kuwa a Gusau ya buɗe ido, a nan ya koyi riƙe sifana. Hannunsa na da kyau, wannan babu mai musu. Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. Amma yana da wani hali da ya ɓata masa wannan baiwa: bakinsa ba ya iya furta "ban gama ba". In ka yabe shi, to ka gama da shi. Aikin da sai jibi zai yiwu, sai ya ce ka zo yau da la'asar, sannan ya koma yana ƙulle-ƙulle don kada a ce ya kasa.

Matarsa Lidiya ta sha yi masa magana. "Baban Talatu, wai wa ke korarka ne? In aiki bai ƙare ba, ka ce bai ƙare ba mana." Sai ya yi dariya, ya ce ita tuwo ta sani, ta bar masa ƙarfe.

A Tsafe kuwa akwai wani ɗan kasuwar auduga, Alhaji Arzika, mutum mai son mota kamar me. Ya taɓa sayen wata tsohuwar motar tsere a hannun wani Bature da zai koma gida, ya ajiye ta a bayan sitonsa, ta yi shekaru rana da ruwa suna dukanta. Injinta ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage mata na tsohon suna shi ne lambar tsere da ta koɗe a jikin ƙofa, da manyan fitilu a goshi, da ƙarafan da aka gicciya a ciki don kare direba. Da Alhaji ya ji za a yi gasar tseren motoci bayan kaka, sai tsohon burinsa ya motsa. Ya yi odar sabon inji, irin wanda aka ƙera don tsere kaɗai, ya sa aka jawo motar zuwa garejin Istifanus.

Gaskiya Istifanus ya yi aiki. Ya kwance motar har ƙashinta, ya yanke duk inda tsatsa ta ci ya yi walda, ya sa sabbin tayoyi, ya fesa mata jan fenti. Da injin ya iso ta jirgin ƙasa cikin akwatin katako, sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa shi. Ranar da ya fara tayar da shi, masu sayar da abinci a bakin tasha suka bar tukwanensu suka zo kallo, don ba su taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan ruri ba. Daga ranar kan Istifanus ya ƙara girma, tafiyarsa ma ta canza.

Wanda aka zaɓa ya ja motar a gasar shi ne Markus, ƙanin Lidiya, direban tasi a hanyar Gusau zuwa Zariya. Mutum ne mai natsuwa a kan sitiyari, ga raha. Tsakaninsa da Istifanus akwai wasan nan na ƙanin mata da mijin yaya, kullum suna tsokanar juna, amma Markus ya yarda da aikin Istifanus fiye da yadda ya yarda da idonsa.

Abu ɗaya ya rage, man birki. A shekarar kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, abubuwa da yawa sun yi wuya, Istifanus ya zaga shagunan Gusau bai samu mai kyau ba. Ya ce wa Markus ya sayo masa in ya shiga Zariya. Amma jira ya gagare shi. Yana son ya ji motar tana tafiya a ƙarƙashinsa, ko da a filin gareji ne. Sai ya dama garin sabulu a ruwa, ya tace, ya ɗura a tukunyar birki.

Wannan dabara ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Makanikan bakin hanya suna yin ta in man birki ya tsiyaye wa babbar mota a daji, don ta lallaɓa ta kai gari. Ruwan sabulu yana kamawa muddin birki na da sanyi. In aka yi ta taka shi da gudu har ya yi zafi, ruwan sai ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Istifanus ya san wannan sarai, shi ke koya wa wasu ma. Ya ce a ransa na ɗan lokaci ne, zai zubar da zarar mai ya zo.

Wata Asabar da hantsi, a ƙarshen damina, sai ga Alhaji Arzika ba sanarwa, shi da abokansa biyu. Suka zagaya motar suna shafa fenti suna kaɗa kai.

"Ba sauri nika yi ba, Istifanus," in ji Alhaji. "Biyowa munka yi mu gani. Mi ya rage ga wagga mota?"

Kafin ya amsa, ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Alhaji, kai ma da tambaya. An ce duk Gusau babu hannu irin nashi. Ai ka ga aiki ya ƙare."

Maganar ta shiga Istifanus har ƙashi. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Babu abin da ya rage, Alhaji. An gama."

Daidai nan Markus ya shigo. Ya gaida baƙi, sannan ya ce a gaban kowa, "Yaya, man birkin nan fa? Sai jibi zan shiga Zariya."

Duk suka juyo suna kallon Istifanus. Nan ne ya kamata ya haɗiye girman kai ya faɗi gaskiya, kuma babu wanda zai dake shi. Amma sai ya ji bakinsa yana cewa, "Bar shi kawai, na samu a wurin wani."

"To madalla," in ji Alhaji. "Markus shi kai ta Bungudu shi dawo, mu bi shi baya mu sha kallo."

Istifanus ya shiga neman hanyar hana tafiyar. Ya ce fenti bai gama bushewa ba, Alhaji ya shafa ya nuna masa tafin hannu. Ya ce hadari na haɗuwa, suka ɗaga kai suka ga sama fes. Dabara ta ƙare masa. Markus ya shiga motar tsere yana murmushi, shi kuwa Istifanus ya shiga bayan motar Alhaji.

A gidan mai na bakin gari suka tsaya. Istifanus ya fito ya nufi tagar Markus da niyyar ya raɗa masa. Yana sunkuyawa sai ya ga Alhaji ya biyo shi, ya tsaya a kafaɗarsa yana sauraron ƙarar inji.

"Markus, ka bi ta a hankali," in ji Istifanus. "Injin sabo ne."

"Haba Yaya, yau kuma tsoro? Ba zan ƙure maka injinka ba. Birki dai lafiya ko?"

Istifanus ya dubi Alhaji ta gefen ido. Ya ce, "Lafiya lau."

Suka hau hanyar Bungudu. Dawa ta yi tsawo a dama da hagu, ta rufe gonaki, ba a hango abin da ke fitowa daga gefe. Da farko Markus ya tafi sannu, har Istifanus ya fara samun numfashi. Amma motar tana da ƙarfin da Markus bai taɓa ji a ƙafarsa ba, kuma an ce masa birki lafiya. Sai ya fara gwada ta yadda direban tsere ke yi. Ya taka totur ta zabura, in ya zo rami ko kwana ya danne birki, ya sake ta ta kuma zabura.

Baƙin Alhaji suna ta sowa. Istifanus kuwa idonsa na kan jajayen fitilun baya. Duk sanda suka kama, ya san zafi ya ƙaru a tayoyin, ya san abin da ke faruwa da ruwan da ya ɗura da hannunsa. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Alhaji, a yi masa fitila ya tsaya," ya ce da ƙyar.

"Don mi? Kai da ya kamata ka yi murna? Dubi aikinka!"

"A tsayar da shi, Alhaji, don Allah! Birkin ne, ba mai ba ne a ciki!"

Direban Alhaji ya danna ham, ya yi ta kunna fitila, ya taka iyakar ƙarfin motarsa. Ina! Motar ɗan kasuwa ba ta kamo injin tsere. Jar motar ta ƙanƙance a gabansu, ta sha wata kwana, ta ɓace. Alhaji ya ciro carbi yana ja, leɓɓansa na motsi.

Kafin su kai Bungudu, a inda burtali ya ratsa titi, suka fara ganin shanu a warwatse cikin gonar mutane. Wani Bafulatani mai suna Buba yana tsaye a tsakiyar hanya yana ɗaga musu sanda, matarsa Rakiya na durƙushe a gefe da goyo a bayanta, ƙwaryar nononta ta kife a kan kwalta. Can ƙasa da titi, jar motar ta rungumi wata bishiyar ɗorawa, tururi na tashi daga gabanta.

"Wallahi ya kauce muna," Buba ke faɗi. "Muna tsakiyar hanya da shanu da iyali. Na ga shina ta fama da mota, ba ta tsaya ba, sai ya juya ta ga icce. Da ya miƙe, da babu mu."

Markus na da rai. Ƙarafan nan na ciki sun kare masa kai da ƙirji, amma gaban motar ya matso ya danne ƙafarsa ta dama. Da taimakon Buba da manoman da suka rugo aka ɓanɓare ƙarfen aka fito da shi a sume. Suna ɗaukarsa Alhaji ya tsaya a wajen tayar gaba, inda bututun birki ya tsinke yana ɗiga a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya sa yatsa ya murza, abin ya yi kumfa. Ya dubi Istifanus sau ɗaya, kuma har suka isa asibiti a Gusau bai ƙara kallon inda yake ba.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙafar ba ta tsira ba, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Alhaji bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, ya bar wa mai abin ya faɗa da bakinsa. Istifanus ya yi ta kai da kawo a barandar asibiti, ya kasa shiga, har Lidiya ta fito ta ce, "Baban Talatu, ya farka. Kai yake ta tambaya."

Ya shiga. Markus ya rame, ya yi fari fat. Yana ganinsa sai idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ka yafe ni. Na lalata maka aikin da ka sha wahala a kai. Ka ce in bi a hankali ban ji ba. Ina jin ni na ƙure birkin."

Istifanus ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a bakin gadon, ya faɗi komai, tun daga garin sabulun har ƙaryar da ya yi a gareji da wadda ya ƙara a gidan mai. Markus ya daɗe yana kallon bargon da ya kwanta shafal a inda ƙafarsa take a da. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa.

"Na tambaye ka fa, Yaya. Da ka ce mini babu birki, ai da na tafi kamar mai rakiyar amarya, mu je mu dawo, kowa ya yaba maka."

Ya juya fuskarsa ga bango. Markus bai ƙara jan mota ba har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya ya yafe, don shi mai tsoron Allah ne, kuma Istifanus ya ɗauki nauyin gidansa. Amma wasan da ke tsakaninsu bai dawo ba. In sun haɗu sai gaisuwa ta mutunci, irin wadda ake yi wa baƙo.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mai sana'a, in aiki bai ƙare ba, ka ce bai ƙare ba, ko a gaban wa kake. Kunyar faɗin haka ba ta wuce ta ɗan lokaci, amma abin da ka ɓoye a cikin aiki wani ne zai hau kansa da ransa, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai ne. Kada daɗin yabo ya sa ka ƙawata inda ido ke gani ka yi ha'inci a inda ba ya gani. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun mota na tsaye, kada ka bari sai ta yi nisan da muryarka ba za ta kai ba.