Gangar Noma a Gindin Tsamiya

Ranar Asabar, ashirin da uku ga watan Agusta, da ƙarfe uku da minti arba'in na rana, samarinmu suka ɗaga teburin jibin Ubangiji daga inda yake shekara talatin da ɗaya, suka jingine shi da bango, suka rataya farin ƙyalle a gurbinsa domin majigi. Za a nuna ƙwallon ƙafa a cikin majami'a. Fasto Yunana ne ya yarda a gwada sau ɗaya, da sharaɗin dattawan ikkilisiya za su zauna bayan mako biyu su yanke shawara, ko a ci gaba ko a daina.

Kefas, shugaban matasa, ya hango ni tsaye a bakin ƙofa.

"Baba Malam, shigo mana, ƙwallo ba ta cizo. Ga bencin gaba na ajiye maka."

"Kefas, a kan bencin nan na koya wa ubanka karatu."

"To yau ɗansa zai koya maka fanareti."

Afiniki, shugabar zumuntar mata, tana can riƙe da tsintsiya. Ta ce, "Ku dai ku mayar mini da teburin nan kafin gobe. In ba haka ba ni ce alƙalin wasa, kuma jan kati kaɗai nake da shi."

Na shiga na zauna. Na ƙirga mutum ɗari da sittin da huɗu. Lahadin da ta gabaci wannan Asabar, mu arba'in da bakwai ne a sujada. Tun ranar nake juya abin a zuciya, ban kuwa sami amsa a miƙe ba, sai misali. Ga shi.

Akwai wani mutum manomi, ya tsufa, 'ya'yansa kuwa duk sun tafi birni. Yana da wata jar dawa da ya gāda daga ubansa, wadda takan nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ba ya haɗa ta da sauran dawa. A kunya bakwai kaɗai yake shuka ta, daura da wata tsamiya a tsakiyar gona, inda ƙasa ta fi kyau, daga nan yake tsinko zangarniyar iri kowace kaka. A wannan shekara kuwa ya shuka duk abin da ya rage, ko ƙwaya bai bari a rumbu ba.

Damina ta yi kyau, ciyawa ma ta yi kyau. Ya ga ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya kira gayya. Matarsa ta dama kunu tulu biyu. Mutum uku suka zo.

Matar ta ce, "Maigida, kununa ba shi da laifi, amma ba ya jin kira. Nemo mai ganga."

To, ga yadda al'adar gangar noma take. Manoma sukan jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, su sunkuya. Makaɗi yana biye da su a baya, yana tafiya yana kaɗawa, yana kiran kowa da kirarinsa. Hannunsa ya sauka, fartanya ta sauka. Wanda ya gaji ya ji an ambaci sunan kakansa, sai ƙarfi ya dawo masa. Ba mai ganin makaɗi, jinsa kawai ake yi, domin idon kowa yana kan ciyawa.

Manomin ya aika aka ɗauko shahararren makaɗin ƙasar. Da ya iso, sai ga shi dattijo ne mai jiki, rana kuwa ta yi zafi. Manomin ya ji nauyinsa. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa masa a gindin tsamiya, gama nan ce inuwa ɗaya a gonar.

Makaɗin ya ce, "Maigida, ganga fa bayan manoma take bi."

Manomin ya ce, "Babban baƙo irinka a rana? Zauna, ai za su ji ka."

Suka kuwa ji shi. Mutane suka fito daga ƙauyuka huɗu, masu fartanya da marasa ita. Masu fartanya suka fara daga bakin gona, amma kiɗan yana nesa, hannu da ganga ba su haɗu ba. Wani ya ce bari ya matsa ya ji ko kirarinsa ake yi. Wani ya bi shi. Kafin rana ta take, fartanyoyi suna kwance, mutane sun kewaye tsamiya, rawa ta kankama. Manomin yana can bakin hanya yana marabtar masu zuwa, yana ƙirga kawuna, zuciyarsa fari ƙal. Tun da aka haife shi bai ga taro irin wannan a gonar gidansu ba.

Da la'asar makaɗi ya rataya gangarsa ya kama hanya, taro ya raka shi. Sai manomin ya nufi tsamiya. Ciyawa tana nan yadda take a gefen gona. Kunyoyin nan bakwai kuwa sun zama dandali, an tattake su kamar masussuka. Ya zauna a kan tabarmar da ya shimfiɗa da hannunsa.

Can sai ya ji motsi. Ga wani mutum a durƙushe, yana ta da karan dawa ɗaya, yana tara masa ƙasa a gindi. Majemin garin ne. Ba a taɓa gayyatarsa gayya ba, saboda warin fata da ba ya rabuwa da shi. Amma ganga ba ta zaɓen kunne.

Majemin ya ce, "Baba, wace irin dawa ce wannan? Karanta ja tun tana ƙarama."

"Irin ubana ce. Ba ni da wata."

Majemin ya ce, "Ni na taka biyu. Na ji karyewarsu a ƙafata. Nuna mini yadda ake yi."

Suka bi kunya kunya har rana ta fāɗi, wanda ya karye suka bar shi, wanda ya kwanta kawai suka tashe shi. Da kaka, inda aka saba yin dami bakwai, dami ɗaya aka ɗaure. Manomin ya raba shi biyu, ya ba majemin rabi.

Da damina ta zagayo, matarsa ta ce, "Bana ma za ka kira mai gangar?"

Ya ce, "Zan kira. Amma tabarma tana gida."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce. Manomin mu ne, dattawan da muka ga bencuna sun yi yawa, mutane sun yi kaɗan. Ciyawar gaskiya ce, samarinmu ba ƙarya suke yi ba in sun ce aiki ya fi ƙarfin waɗanda suka rage. Gangar kuwa ƙwallo ce. Ku lura, ganga ba zunubi ba ce. Makaɗin bai yi laifi ba, shi ne ma ya yi gargaɗi. Manomin ma ba da mugunta ya shimfiɗa tabarma ba, da kirki ya yi, kamar yadda Kefas ya yi da kirki, domin ya raba ƙannensa da gidan kallo inda ake shaye-shaye. Kuskuren na wuri ne. Inuwar da ta fi daɗin zama, a nan iri yake.

Gindin tsamiya shi ne ɗakin nan. Ba bulo da kwanon rufi ne suke da tsarki ba, Allah ba ya zama a bulo. Abin da aka shuka a nan shi ne sabo: mutum ya shigo ya sassauta murya, ya san wa ya zo fuskanta. Waɗanda suka riga mu sun yi shekaru suna shuka wannan a cikinmu, ba kuwa a sayar da irinsa a kasuwa. Ranar Asabar na ji an yi ashar daga bencin mawaƙa, amma ba wannan ya fi damuna ba. Kashegari, Fasto Yunana ya ɗaga hannu zai sa albarka, sai na kama idona yana neman farin ƙyalle a bayansa. Ni da ban san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Na ce, in nawa idon ya yi haka da zama ɗaya, yaya na 'ya'yanmu bayan zama hamsin?

Shawarata ga dattawa, a kira mai ganga, a bar tabarma a gida. Akwai rumfa a farfajiya, akwai ajin makarantar Lahadi. A kafa majigin a can, mu ma mu je mu zauna cikinsu, mu san sunan kowa da na ubansa, kamar yadda makaɗi yake kiran manoma. Taron da ba a san sunan kowa a cikinsa ba, ƙirga kawuna ne kawai, zai raka ganga ya tafi.

Amma akwai abin da ban sani ba, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Da an bi al'ada, ganga tana bayan manoma, da majemin ya zo? Da ya zo, da ya kai gindin tsamiya har ya ga jan kara ya yi tambaya? Ko sai da ya taka ya ji karyewa? Na tambayi kaina wannan sau da yawa. Dami shida aka rasa, aka sami mutum ɗaya, ban kuwa san ma'aunin da Ubangiji yake auna irin wannan da shi ba. Duk wanda zai ɗaga hannu a zaman dattawa, ya ɗaga da wannan tambaya a ransa.

Wasa ya tashi da ƙarfe shida saura minti takwas. Da ƙarfe shida da minti goma na sāke ƙirgawa. Ga waɗanda suka rage:

Fasto Yunana, yana rufe tagogi.

Afiniki, da tsintsiyarta, tana tara ɓawon gyaɗa tana mita.

Kefas, yana naɗe waya, an ci ƙungiyarsa biyu da nema.

Ni.

Da Dogara mai facin taya, wanda rumfarsa take fuskantar ƙofarmu shekara goma sha biyu, bai taɓa tsallako titi ba sai ranar. Ba wanda ya sa shi, ya kama gefe ɗaya na teburin, Kefas ya kama ɗayan, suka mayar da shi gurbinsa. Ya goge inda hannunsa ya taɓa da bakin rigarsa. Sa'an nan ya juyo wurina ya ce, "Baba, wannan teburin, me ake ci a kansa, da har aka ƙi ɗora masa majigi?"