Madubin da Zakiru Ya Cire

Akwai wani bawan Allah a unguwar Nkembo ta birnin Libreville, ana ce da shi Zakiru. Shagon kayan waya gare shi, kuma Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado. Sai dai tun ranar da ya sayi wani ƙaton babur baƙi, ya daina ganin kowa da gashi a ka.

Kafin ya tashi daga ƙofar shago, sai ya yi ta murza babur ɗin yana kuka, har masu gasa kifi na bakin titi su toshe kunne. Idan aka yi masa magana ya ce inji yake ɗumamawa. A zafin Libreville, wai inji ne yake jin sanyi.

Akwai wata ƙungiya ta 'yan kasuwarmu masu sha'awar babur, wasu daga Kano, wasu daga Maraɗi, wasu kuma haihuwar nan. Wasu ranakun Lahadi sukan bar gari su shiga hanyoyin daji, su sha iska, su ci abinci a bakin ruwa, su dawo. Shugabansu Malam Aboubakar ne, dattijo marar yawan magana. Shi ke gaba kullum. Wani mai suna Ubale kuma shi ke rufe baya da kayan gyara.

Dokarsu ɗaya ce babba: kowa na bayansa ne amanarsa. Kana tafiya kana duba madubi. In ka daina ganin fitilar na bayanka, ka rage gudu. In aka zo mararraba aka karya kwana, ka tsaya a wurin har sai na bayanka ya iso ya ga inda ka bi, sannan ka wuce, shi kuma ya tsaya wa nasa. Saboda haka duk wanda ya zo mararraba bai tarar da kowa ba, ya san miƙewa ake yi.

Zakiru ya shiga ƙungiyar ne don a ga babur ɗinsa. Dokar nan kuwa, a wurinsa, ta tsofaffi ce da matsorata.

Matarsa Kamila tana da yaya, Ilyas, mai shagon yadi a Akébé. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta, kuma shi ya ba Zakiru aurenta. Mutum ne mai sanyin hali. Da ya ga surukinsa yana jin daɗin fitar nan, sai shi ma ya sayi ɗan ƙaramin babur, ya koyi hawa a cikin gari, ya ce yana so a je da shi.

Zakiru bai so ba. A gaban Ilyas yana “Yaya, Yaya”, a bayan idonsa kuwa yana ce wa abokai keken ɗinki ya sayo.

Ana gobe tafiya, Zakiru ya zauna a tsakar gida da sufana, ya kwance madubin babur ɗinsa guda biyu. Ya ga wasu hotuna a waya, ya ga cewa baburan gayu ba su da madubi. Wai suna ɓata wa babur fuska, kamar kunnen zomo. Ya shiga ɗaki ya ajiye su a kan firij.

Kamila tana kallonsa. Ta tambaye shi ko ba da su ake ganin na baya ba. Ya yi dariya ya ce mata ta bar maganar abin da ba ta sani ba.

Da safe ta rako shi ƙofa, ta ce, “Yaya bai taɓa shiga daji da moto ba. Amana na ba ka.”

Ya ce ya ji, yana gyara gilashin hular kwanonsa.

A wurin haɗuwa Malam Aboubakar ya zagaya yana duba tayoyi da birki kamar yadda ya saba. Da ya zo kan babur ɗin Zakiru ya tsaya. Ya ce marar madubi ba ya bin su. Zakiru ya ɗaure fuska ya ce ai yana da wuya, yana iya waiwayawa. Magana ta fara tsami, sai Ilyas ya shiga tsakani.

“Malam, a yi masa haƙuri,” in ji shi. “A sa ni a bayansa. Ƙanina ne, na yarda da shi.”

Kunyar Ilyas ta sa Malam Aboubakar ya bari, abin da har yau yake nadama a kai.

Suka kama hanya. Suka wuce Ntoum, suka kai Kougouleu, suka bar kwalta suka hau jar hanyar da ta nufi duwatsu. An yi ruwa kwanakin baya, hanya ta yi santsi, manyan motocin katako kuma sun kwaɓa ta. Ilyas yana tafiya a hankali, yana sauke ƙafa a kowane rami. Zakiru kuwa sai tsaki yake ja. Babur irin nasa, a ce yana rarrafe saboda mai sayar da yadi!

A wani ƙauye tayar ɗaya daga cikinsu ta yi faci. Ubale ya ce shi zai tsaya su gyara, sauran su wuce, za su tarar da su a bakin ruwa. Ka ga ke nan Ilyas ya zama na ƙarshe.

Malam Aboubakar ya tako har wurin Zakiru. Ya ce, “Yanzu babu kowa a bayan yayanka. Kai kaɗai ne idonsa. Daga nan kuma babu rezo, waya ba ta aiki.”

Zakiru ya ce, “Na sani, Malam,” da irin muryar da ake korar mai talla.

Can cikin daji akwai wata mararraba. Hanyar da za su bi ta karya hagu, 'yar siririya. Wadda ta miƙe kuwa tsohuwar hanyar masu katako ce, ta fi faɗi, ta fi kyau a ido, amma an daɗe da barinta. Na gaban Zakiru ya tsaya masa kamar yadda doka ta ce, ya nuna masa hagu, ya wuce.

Zakiru ya tsaya, a ba shi haƙƙinsa, ya tsaya. Amma tsayuwar ba ta kai ta shan kofin shayi ba. 'Yan ƙananan ƙudajen nan masu cizo suka fara shiga masa wuyan riga. Ya ji ƙarar baburan abokansa tana nisa. Ya waiga sau ɗaya, bai ga kowa ba. Ya yi tsaki ya ce a ransa, mutum da gemunsa, ai ya ga sawun taya.

Ya murza wuta. Ya wuce na gabansa, ya wuce na gaban wancan, har ya wuce Malam Aboubakar ya watsa masa taɓo. Ranar ya ji daɗin babur ɗinsa ƙwarai.

Shi ya fara isa bakin ruwa. Kafin sauran su iso, ya jingina babur a jikin wani dutse ya ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, da wanda ya ɗora ƙafa ɗaya a kan taya yana kallon nesa kamar mai tunanin duniya.

Da aka taru, Malam Aboubakar ya dubi fuskoki, sannan ya juyo.

“Zakiru, ina na bayanka?”

A nan ne Allah ya ba shi dama ta biyu. Da ya ce, ban jira shi ba, da tuni an juya. Amma idon mutane yana kansa, shi kuma da a ce ya yi kuskure gara masa komai. Sai ya buɗe baki ya ce ya jira shi a karfur, wato mararraba, ya gan shi da idonsa ya karyo hagu, yana nan tafe.

Aka yarda da shi. Aka yi alwala a bakin ruwa, aka yi azahar, aka buɗe kulolin abinci. Zakiru ya ci shinkafa da kifi har da ƙari, yana ba da labarin yadda babur ɗinsa ya haye wani tudu. Da shiru ya yi yawa, mutum biyu suka koma suna duba gefen hanya, amma iyakarsu tsakanin ruwa da mararraba, tunda an ce Ilyas ya riga ya karyo.

Rana ta yi nisa sosai lokacin da Ubale ya iso da wanda suka yi gyara tare. Ubale ya san hanyar kamar tafin hannunsa, shi ya sa ya karyo hagu ba tare da kowa ya nuna masa ba. Ya ce bai wuce kowa ba. Amma a mararraba ya lura da sawun ƙaramar taya guda ɗaya da ya miƙe, ya ɗauka na 'yan ƙauye ne.

Malam Aboubakar bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ka gan shi ya karyo, ko ba ka gan shi ba?”

Zakiru ya fara kame-kame. Wai ya ga kamar fitila. Wai ƙila ta wani ce. Ubale ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya tofar da yawu gefe, ya hau babur ɗinsa.

Sun sami Ilyas bayan la'asar, can kan hanyar da ta miƙe, a ƙarƙashin wata tsohuwar gadar gungume. Itacen ya ruɓe, tayar gaba ta faɗa tsakanin gungume biyu, ta wurga shi cikin kwari, babur ya biyo ya danne masa ƙafar dama a jikin dutse. Tun kafin azahar yake nan. Muryarsa ta dushe don kira. Tururuwa sun hau shi har wuya.

Da aka ɗaga babur ɗin, aka ba shi ruwa, abin da ya fara tambaya shi ne ko Zakiru lafiya. Ya ce da ya zo mararraba bai ga kowa ba, sai ya miƙe, tunda haka aka koya masa. Da ya daina jin ƙarar kowa, sai ya ƙara gudu, don kada ya ɓata wa ƙaninsa lokaci.

Zakiru yana tsaye a kan gada, bai iya sauka ba. Babu wanda ya ce masa ya sauko.

Aka samo wata motar a-kori-kura a ƙauye, aka kwantar da Ilyas a baya, aka yi ta gwagwarmaya da hanya har Libreville. A asibiti likita ya duba ya girgiza kai. Ya ce karayar ba ita ce matsala ba, daɗewar da ƙafar ta yi a danne ce ta kashe ta. Da an kawo shi da wuri, da sai dai ɗori. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Zakiru ya shirya bayani iri-iri da zai yi wa Kamila: santsin hanya, rashin ƙwarewar Yaya, ƙaddara. Bai samu inda zai sa ko ɗaya ba, don Ubale ya riga ya gaya mata komai, har da labarin shinkafar da aka yi ƙari, wanda ya ji daga bakin sauran.

Ba ta yi masa ihu ba. Ta haɗa kayanta ta ce za ta Akébé jinyar yayanta. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta je kan firij ta ɗauko madubin nan biyu, ta ajiye masa a kan tabarma.

Ta ce, “Faɗuwa ta Allah ce, wannan na yarda. Amma ka zauna ka ci abinci kana sane yana can shi kaɗai. Wannan ita ce ban san yadda zan yi da ita ba.”

Ta fita, kuma har yanzu tana Akébé.

Ilyas ya ce ya yafe, don shi haka Allah ya yi shi. Yana zaune a shagonsa da sanduna biyu a gefe, yana auna wa mata yadi.

Bayan an kwana biyu, Zakiru ya mayar da madubin, ya goge su suna ƙyalli, ya je wurin haɗuwa ranar wata Lahadi. Ya yi sallama da ƙaramar murya. Malam Aboubakar bai kore shi ba. Ya dai juya ga jama'a ya ce, “Ga Zakiru ya dawo. Wa zai bi bayansa?”

Wani ya sunkuya yana duba sarƙa. Wani ya shiga gyaran safar hannu. Ubale ya kalli sama. Aka jima a haka, sannan kowa ya tayar da babur ɗinsa, suka bi layi suka tafi.

Yanzu in ka je Nkembo ranar Lahadi za ka gan shi yana zagaya gari shi kaɗai, ba murza wuta, ba hoto. Kowane lokaci yana duba madubi, dama da hagu, kamar wanda ya fi kowa bin doka. Ba ya ganin kowa a ciki sai taksi.

Darasi: Duk wanda ya yarda ya bi bayanka ya ba ka amanar ransa, kada girman kai ya sa ka wuce ka bar shi. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya nan take tun ana iya gyarawa, domin ƙaryar da za ta rufa maka asiri tana iya cin ƙafar ɗan'uwanka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tafiya cikin ayari, musamman mai saurin cikinsu.