Gizo da Abin Wuyan Giwa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta, Kaka!

A wani gandun daji na gwamnati, inda baƙi ke zuwa kallon namun daji, masu gadi suka ɗaura wa Giwa wani baƙin abin wuya mai ƙiftawa. Gizo ya gani, hassada ta hana shi sakat. Kullum Giwa ake ɗauka hoto, shi ko kallo!

Ya same ta bakin tafki. "Ranki ya daɗe, sarƙar nan ta yi dauɗa. Kawo in wanke miki."

"Gizo, ba fa ado ba ne, wannan na..."

"Na sani, na sani! Shiga wankanki."

Tana nutsewa, Gizo ya rataya abin ya arce. Ya biya ta ɗakin girkin masu gadi ya sungumi tukunyar dambunsu, ya shige suri. Bai kai loma uku ba sai ga ƙugin mota.

Shugaban masu gadi, Malam Barau, ya dubi na'urar hannunsa. "Jama'a, wai Giwa tana cikin surin nan!"

Gizo ya sulale ta baya, ya faɗa kogon kuka. Ya buɗe tukunya ke nan, sai ga mota.

"Ikon Allah! Yanzu kuma ta shiga kogon kuka."

Gizo ya ce a ransa, "Mutanen nan bokaye ne!" Ya haye can ƙololuwar giginya, yana haki. Sai ga mota.

Malam Barau ya cire hula ya ɗaga kai. "Shekarata ashirin a dajin nan, ban taɓa ganin giwa ta hau giginya ba. Kai, mai tukunya, sauko!"

Gizo ya sauko da tukunyar. "Yallaɓai, wa ke kai muku tseguminka... au, tsegumina?"

"Ga shi nan a wuyanka. Shi ke nuna mana inda Giwa take, don mu tsare ta daga mafarauta."

Giwa ta iso tana ɗigar ruwa. "Abin da na so faɗa maka ke nan, sarkin sani."

Aka mayar mata da kayanta, aka sa Gizo kankare tukunya. Baƙi suka yi ta ɗaukarsa hoto, har Gwaggon Biri na gyara masa tsayuwa.

To jikokina, kada ku yi kwaɗayin abin wani ba ku san amfaninsa ba, kuma in ana muku bayani ku bari a kai ƙarshe.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, na ajiye ta nan!